Ƙofar da Ba Ta Cikin Ganuwa

Tsohuwa muke ce mata.
Tana can ƙasa, bayan ofishin kuɗi,
tsayinta tsayin firji, nishinta dare da rana.
Sunan ma'aikaci dubu biyu ne a cikinta,
da bashin kowa, da ranar da zai ajiye aiki.
Mu 'yan Adam muna ta gumi a Samaru,
ita kaɗai aka saya wa na'urar sanyi.

A bene kuma ga yara goma sha huɗu,
sababbin kwamfutoci, farare kamar ƙwai,
waya guda ta zarge su kamar carbi.
Tun safe suke hira a junansu,
amma ka ce su gai da Tsohuwa
sai su yi tsit.
Ba bakinsu ɗaya ba.

Aka ce in gina musu ƙofa.
Ni da na girma a gindin Ƙofar Kibo
na ɗauka na san ƙofa:
jar ƙasa, azara, inuwar mai sayar da rake.
Wannan kuwa faifai bakwai ce a ambulan,
da littafi mai kaurin tubali
wanda yoyon damina ya cinye shafinsa na arba'in.

Faifai na ɗaya ya shige lafiya.
Na huɗu na ciki aka ɗauke wuta.
Na koma fari.
Na raɗa wa kowace na'ura lamba,
na rubuta, na manna mata a goshi,
na koya wa ƙofar aikin tafinta:
in na bene sun faɗa, ki juya,
in Tsohuwa ta amsa, ki juyo.

Laraba bayan isha'i na buga sallama.
Allo ya ce ba a san ni ba.
Na sauka na taɓa waya, na hau, na sake bugawa.
Ba a san ni ba.
Har motocin Funtuwa suka daina wucewa a titi
ina tsaye a bakin ƙofar da na gina da hannuna.

Ja'e masinja ne ya shigo da shayi.
Shekara goma sha ɗaya ke nan
yana sauka da fayil, yana hawowa da amsa,
matakala talatin da biyu, ya san mai tsaguwa a duhu.
Ya ajiye kofi, ya leƙo ta kafaɗata.
"Injiniya, ai ƙananan baƙaƙe kika sa.
Tsohuwa ba ta ganin ƙanana.
Sau nawa aka koro ni da fom a kan haka!"

Na mai da su manya.
Na danna.
Shiru kamar na tsakanin walƙiya da tsawa,
sai kore ya fara zubowa layi bin layi.
Ta amsa.

Da safe Lantana akawu ce ta fara shiga.
Ba albashin kowa ta nema ba, sunanta ta kira,
ta tarar an ƙara mata shekara uku,
ta hau salati, ofis ya ɗau dariya.
Istifanus ya buga jadawalin wata
ko takalmi bai mayar ƙafa ba.

Ja'e yana bakin taga, hula a hannu.
Da aka watse ya matso.
"To ni gobe me zan ɗauka?"

Na buɗe littafin, don hannuna ya sami abin yi.
Akwai babin waya, akwai babin kalmar sirri.
Wataƙila amsarsa na shafi na arba'in.

Ya tattara kofunan jiya a tire,
ya sauka a hankali.
Ina jin shi daga nan
yana tsallake mai tsaguwar.